Likita Ya Ce Ta Rage Aiki, Oga Ya Ce Ta Tafi Gida

Akwai maganar da na gaji da ji a bakin masu ɗaukar ma'aikata a ƙasar nan, kuma duk ranar da na sake jin ta sai raina ya ɓaci: "Ai ciki ba ciwo ba ne." Manajan masana'anta ya faɗa, mai makarantar kuɗi ta faɗa, shugabar nas-nas ta faɗa, har mai gidan man da bai taɓa tsayuwar awa guda a bakin famfo ba, shi ma ya iya ta. To mun ji, ciki ba ciwo ba ne. Amma hawan jini ciwo ne. Zubar jini a wata na huɗu ciwo ne. Aman da mace za ta kwana uku ko ruwa bai zauna mata ba, sai an yi mata ƙarin ruwa a asibiti, ciwo ne. Mai sikila da ta ɗauki ciki kuwa, kowa ya san ranta a hannun Allah yake har ranar da za ta sauka. Waɗannan matan ne ke zuwa wurin aiki da 'yar takarda daga likita, kuma su ne dokar ƙasarmu ta yi kamar ba ta san da zamansu ba.

Me ake rubutawa a irin wannan takarda? Sau da yawa ba wani abin tayar da hankali ba ne. Kada ta ɗauki kaya mai nauyi. Kada ta daɗe a tsaye. A cire ta daga aikin dare. A nisanta ta da warin fetur ko sinadari. A bar ta ta zo awo duk mako biyu maimakon duk wata. Likita bai ce ta kasa aiki ba, cewa ya yi tana iyawa in an sassauta mata. Abin da sassaucin zai ci wa mai wurin aiki kuwa, a mafi yawan lokuta, kujera ce guda ɗaya, ko musayar aji da wata malama, ko canza jadawalin mako, ko a bar ta ta zagaya ba sai ta nemi izini kamar 'yar firamare ba. Amma da zarar takardar ta isa teburin oga, sai ya karanta abin da ba a rubuta ba. Abin da yake gani shi ne: wannan ta zama kaya, a nemi wata.

Ƙanwata malama ce a wata makarantar kuɗi, tana koyar da 'yan aji huɗu. Ta yi ɓari sau biyu kafin wannan cikin, don haka likita ya ɗaure mata bakin mahaifa, ya rubuta cewa ta guji yawan hawa bene da doguwar tsayuwa. Ajinta a hawa na biyu yake. Abin da ta roƙa kawai shi ne a sauko da ita ƙasa, ita da malamar aji ɗaya su yi musayar ɗaki, a kuma sa mata kujera a gaban allo. Malamar aji ɗaya ma ta yarda. Ta shiga ofis ta durƙusa ta gaishe da mai makarantar, ta miƙa takarda da hannu biyu. Hajiya ta ɗaga tabarau ta duba, ta ajiye, ta ce, "Malama, nan fa makaranta ce, ba asibiti ba. Ni haihuwata bakwai, ban taɓa kai wa kowa takarda ba. Ki je gida ki huta abinki, in kin sauka lafiya ma yi magana." Ƙanwata ta ce, "Hajiya, ai ina iya aikin, benen ne kawai." Hajiya ta ce, "Lafiyarki nake duba miki." Ranar Litinin wata yarinya ce a ajin. Ƙarshen wata ba a ga albashi ba. Bayan kwana biyu aka cire ta daga zauren WhatsApp na malamai. Ba wasiƙa, ba sa hannu, ba abin da za ta nuna wa kowa.

Haka ake korar mai ciki a nan. Ba wanda zai ce miki ya kore ki. Cewa za a yi ki je ki huta, da murmushi da addu'ar sauka lafiya. Wannan munafuncin ya fi korar ƙona min rai, domin wadda aka yi wa haka sai ta fito tana godiya, sai ta isa gida sannan ta gane abin da ya same ta.

Mu duba abin da doka ta ce, tunda kullum ana gaya mana cewa akwai doka. Dokar Ƙwadago da muke aiki da ita gadon mulkin soja ce, tun zamanin Janar Yakubu Gowon a farkon shekarun 1970, kuma abin da ya shafi mai ciki yana sashe na 54. Sashen ya ce mace na da damar barin aiki in ta kawo takardar likita mai nuna cewa saura mako shida ta haihu. Bayan haihuwa kuma ba a yarda ta yi aiki ba har mako shida, wato arba'in da kwana biyu. In ta yi wata shida ko fiye tana aiki a wurin, za a biya ta aƙalla rabin albashi a wannan lokaci. In tana shayarwa, a ba ta rabin awa sau biyu a rana. Sai kuma wani ƙaramin sashe da ya hana a ba ta takardar sallama tana cikin wannan hutu, ko in hutun ya zarce saboda ciwon da likita ya tabbatar daga cikin ko haihuwar ya samo asali, kuma ya hana ta aiki.

Shi ke nan. A wurin wannan doka, ciki yana farawa ne saura mako shida a haihu. Watanni bakwai da rabi na farko, lokacin laulayi, lokacin da aka fi yin ɓari, lokacin da hawan jini ke fara nuna kansa, babu su a lissafi. Kuma mace iri biyu kawai dokar ta sani: lafiyayya garau wadda za ta yi duk abin da aka sa ta, da wadda ta kwanta ba ta iya komai. Wadda ke tsakani, mai iya zama ta rubuta rasit amma ba ta iya jan buhu, mai iya aikin rana amma ba ta iya kwana a tsaye, ba ta da ko layi ɗaya. Babu inda aka wajabta wa mai wurin aiki ya canza mata aiki, ko ya zauna da ita su duba abin da zai yiwu. In ya yi, alheri ya yi mata, in ya ƙi, bai karya komai ba.

Abin takaicin shi ne ilimin likitanci ya daɗe da barin wannan tunani. Likitoci da yawa yanzu ba sa son kwantar da mai ciki gaba ɗaya sai dole ta yi dole, saboda doguwar kwanciya tana da nata haɗarin, har da daskarewar jini a jijiyoyin ƙafa. Sun fi son ta ci gaba da harkarta, a cire mata abin da zai cutar kawai. Wato likita yana tura ta tsakiya, doka kuma ba ta gina komai a tsakiyar ba.

Sauran sashen ma abin kunya ne. Rabin albashi, a daidai lokacin da kashe kuɗin gida ya ninka. Mafi ƙarancin albashi tun 2024 naira 70,000 ne, rabinsa 35,000, kuma wannan ga wadda ake biyanta mafi ƙarancin ke nan, domin wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, dokar albashin ma ba ta hau kansu ba. Dokar ta kuma faɗa ƙarara cewa ba dole ba ne mai wurin aiki ya biya ko kwabo na kuɗin asibitin ciki da haihuwa. Wanda ya karya sashen kuma me zai same shi? Tarar da ba ta wuce naira 200 ba, ko ɗaurin da bai wuce wata uku ba. Naira ɗari biyu! Kuɗin da yau da ƙyar ya sayi ƙwai guda. Majalisa nawa aka yi tun 1999, kowace ta zo ta gyara alawus ɗinta ta tafi, ba wadda ta ga wannan adadi ta ji kunya.

Ba a nan ta tsaya ba. Sashe na 91 ya ware waɗanda dokar ta ɗauka ma'aikata, ya cire masu aikin gudanarwa, da masu aikin fasaha, da ƙwararru. Ke nan lauyan kamfani na iya miƙewa ya ce malama ko nas ko akanta ba ta cikin dokar tun asali, haƙƙinta shi ne abin da ke cikin takardar ɗaukarta aiki. Takardar da shi kamfanin ya rubuta, in ma an ba ta. 'Yar aikin gida kuwa ba a ma zancenta. Sannan ga sashe na 55 da ya hana mata aikin dare a masana'antu, duk mata, mai ciki da marar ciki, budurwa da tsohuwa, amma ya cire nas-nas daga hanin. Dokar ta sami bakin hana macen da ke son aikin dare kuma lafiyarta ƙalau, ta rasa bakin kare nas mai cikin wata bakwai da ƙafafu a kumbure wadda likita ya ce kada ta kwana a tsaye.

Na san za a ce ai an ci gaba. Gwamnatin tarayya ta daɗe da mayar da hutun haihuwa na ma'aikatanta mako 16 da cikakken albashi, a 2021 ta amince wa maza ma da kwana 14. Legas ta ba ma'aikatanta mata wata shida tun 2014, Kaduna ta yi haka a 2019. Madalla, ba na hassada. Amma mata nawa ne ke aikin gwamnati? Kuma duk waɗannan gyare-gyare maganar bayan haihuwa suke yi. Ko a sakatariya, mai ciki da ta zo da takardar sassauci tana rayuwa ne a kan halin daraktanta. In ta dace da mai tsoron Allah, ta huta. In ta haɗu da wanda ke ganin kowace mace maƙaryaciya ce, sai ya tura ta rangadin ƙananan hukumomi a kan hanyar da ko namiji sai ya sha maganin ciwon baya in ya dawo.

Mafi yawan matan da ke aiki don a biya su ba su taɓa ganin sakatariya ba. Ku je rumbunan Dawanau ku ga mata zaune a ƙasa suna tsintar riɗi da zoɓo cikin ƙura tun safe har la'asar. Ku je Sharaɗa da Bompai da Challawa ku ga masu tsayuwa a bakin inji suna cika leda, da masu aiki kusa da sinadaran jima. Ku tsaya a gidan mai ku dubi yarinyar da ke riƙe da famfo, tana shaƙar tururin fetur wuni guda, alhali an san akwai sinadarin benzin a cikinsa, wanda ba a son kowa ya yawaita shaƙa, balle mai ciki. Ku dubi masu sharar titi da asuba. Ku shiga banki ku dubi 'yan matan da ke bayan kanta cikin kwat, da yawansu ba ma'aikatan bankin ba ne, wani kamfanin ɗaukar ma'aikata ne ya kawo su haya, ta yadda in ciki ya fito banki zai ce ba tasa ba ce, kamfanin kuma ya ce banki ne ya dawo da ita, kwangila ta ƙare. Masu aikin yini kuma lissafinsu mai sauƙi ne: ranar da ba ki zo ba, ba ki da ko sisi. Irin waɗannan ba sa kai takardar likita. Ninke ta suke yi su cusa a jaka, su ɗaura zani sama, su sa babban hijabi, su ci gaba da jan kaya har abin da likita ya ji tsoro ya faru.

A ƙasar da wannan ke faruwa ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mata kusan 82,000 suka mutu a 2020 sanadin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na irin wannan mutuwa a duk duniya. Ban ce wurin aiki ne ya kashe su ba. Zubar jini da jijjiga da rashin asibiti kusa da rashin jinin ƙari su ne manyan. Amma jijjiga ba daga sama take faɗowa ba. Tana farawa da hawan jinin da ake ganowa a wurin awo, in mace ta je awon. Tun 2016 hukumar ta ce mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau takwas kafin ta haihu. Gwamnati tana kashe kuɗi a rediyo tana roƙon mata su je awo. Wannan gwamnatin kuma ba ta rubuta a doka cewa ranar awo ba a yanke wa ma'aikaciya albashi ba. Duk wanda ya taɓa raka mace awo a asibitin gwamnati ya san wuni ake yi, a karɓi kati da asuba, a ga likita bayan azahar. Mace mai albashin dubu talatin da za a zaftare mata kuɗin yini duk zuwa, ta san wanda za ta zaɓa tsakanin awo da cefane.

Mu ma a gida muna da namu kason. Mun tarbiyyantar da 'ya mace a kan cewa ciki abin ɓoyewa ne, musamman na fari. Ko mahaifiyarta ba ta iya buɗe baki ta gaya mata, sai dai a gani. Wannan kunya ado ce a tsakar gida, amma a wurin aiki oga ne ke cin ribarta. Yaya yarinyar da ba ta iya cewa "ina da ciki" a gaban yayanta za ta tsaya gaban wani ƙato a ofis ta yi masa bayanin bakin mahaifa? Sai ta yi shiru. In ta daure ta faɗa aka wulaƙanta ta, ta dawo gida da kuka, amsar maigida a shirye take: "Dama na gaya miki, ki ajiye aikin nan." Wani don tausayi yake faɗa, wani dama neman hanya yake. Ko wanne ne, mai wurin aiki ya sha, domin ba wanda zai je ya tambaye shi dalili. Mu kuma sai mu dawo muna kukan cewa babu likitoci mata, babu ungozomomi, babu malamai mata da za su koyar da 'ya'yanmu. Muna son mace ta duba matanmu a asibiti, amma ba ma son ita ta yi ciki.

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne masu yin wannan, a wajenmu, yawancinsu masu salla ne a sahun gaba. Addinin da suke bi ya ɗauke wa mai ciki azumin Ramadan in ta ji tsoron cutuwa a kanta ko a kan abin da ke cikinta. Rukuni ne guda daga rukunan Musulunci aka sassauta mata. Allah Ya sassauta farillarsa, Alhaji ya ƙi sassauta jadawalin shagonsa. Sannan ranar Juma'a ya gyaɗa kai in liman ya zo kan darajar uwa.

Matan da suka zama shugabanni kuma, wasunsu sun fi mazan tsanani. "Mu ma mun haihu." Eh, kun haihu, Allah Ya raya. Amma cikin wata ba na wata ba ne, kai, cikin mace ɗaya ma na bana ba irin na bara ba ne. Wahalar da kuka sha ba gado ba ce da za ku raba wa na baya.

Masu ƙananan wurare suna da magana, kuma ban ce ba su da gaskiya ko kaɗan ba. Mai makarantar unguwa da iyaye ke biyan kuɗi da ƙyar zai ce, in na biya wadda ke hutu, na biya wadda ta maye gurbinta, da me zan sayi alli? Wannan matsala ce ta gaske, kuma laifin tsarin ne da ya ɗora kuɗin hutun haihuwa kacokan a wuyan mai wurin aiki. Muddin haka ne, duk mai ɗaukar aiki zai riƙa kallon yatsan mace da cikinta kafin ya kalli takardunta. Maganin sananne ne, kuma ba a nesa yake ba. A Jamhuriyar Nijar hutun haihuwa mako 14 ne, kuma asusun kula da ma'aikata na ƙasa, CNSS, yana ɗaukar wani kaso na kuɗin. Mu ma muna da asusun NSITF da ke karɓar kashi ɗaya cikin ɗari na albashi daga masu ɗaukar aiki, don biyan diyyar wanda ya ji rauni a bakin aiki, ƙarƙashin dokar 2010. Wanda ya iya tara wa karaya asusu ya iya tara wa haihuwa. Amma ko da babu asusun, wannan hujja ba ta taɓa batun kujera da musayar aji ba. Kujerar roba nawa take?

Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta gama wannan magana tun shekara ta 2000, a yarjejeniya mai lamba 183. Ta ce kada a tilasta wa mai ciki ko mai shayarwa aikin da aka tabbatar zai cutar da ita ko ɗanta. Hutu kada ya gaza mako 14, kuɗi kada ya gaza kashi biyu cikin uku na albashi. In aka sallami mai ciki, mai wurin aiki ne zai kawo hujjar cewa ba don cikin ba ne, ba ita za ta yi ta neman shaida ba. Ta hana a sa mace gwajin ciki kafin a ɗauke ta, sai a ayyuka ƙalilan masu haɗari. Shawarar da ke tare da yarjejeniyar ta jera matakai: a kawar da haɗarin, in bai yiwu ba a gyara yanayin aikin, in bai yiwu ba a mayar da ita wani sashe ba tare da rage albashi ba, in duk sun gagara a ba ta hutu da biya. Mali ta sa hannu, Benin ta sa, Burkina Faso ta sa, Senegal ta sa, Nijar ta sa a 2019. Nijeriya, uwa ma ba da mama, ba ta sa ba.

Kada kuma a ce wannan ramin mu kaɗai muka faɗa. A Amurka wata direbar kamfanin aika kaya na UPS ta kawo takardar cewa kada ta ɗaga abin da ya wuce kilo tara, kamfanin ya ce ƙa'idarsa kilo talatin da biyu ce, ya tura ta gida ba albashi, alhali yana ba waɗanda suka ji rauni a bakin aiki aiki mai sauƙi. Sai da maganar ta kai Kotun Ƙoli a 2015. Daga baya majalisarsu ta yi doka ta musamman da ta fara aiki a watan Yunin 2023, wadda ta wajabta wa duk mai ma'aikata 15 ko fiye ya sassauta wa mai ciki, sai in ya nuna cewa yin hakan zai yi masa nauyin da ya wuce kima. Ƙasar da ko hutun haihuwa mai albashi ba ta wajabta a matakin tarayya ba, ta gane cewa wannan gurbin ba ya zama a buɗe.

Ɗan hasken da muke da shi daga kotu yake. Gyaran tsarin mulki na 2010 ya ƙarfafa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, ya ba ta ikon duba rashin adalci a wurin aiki da yin amfani da ƙa'idojin duniya, ga kuma sashe na 42 na tsarin mulki da ya hana wariya saboda jinsi. Fiye da shekara goma da suka wuce kotun ta ci wata ƙungiyar ƙasa da ƙasa, mai aikin kiwon lafiya ma kuwa, diyyar sama da naira miliyan biyar saboda ta sallami ma'aikaciyarta bayan ta sanar cewa tana da ciki. A Janairun 2023, a Akure, kotun ta soke ƙa'ida ta 127 ta rundunar 'yan sanda wadda ke korar 'yar sandan da ta yi ciki ba aure, tunda ba a korar namijin da ya yi wa wata. Alƙalan sun yi nasu. Amma wa ke kaiwa can? Mai lauya, mai takardar ɗauka aiki, mai wasiƙar kora a hannu, mai juriyar shekaru ana ɗage zama. Ciki wata tara ne. Kafin a yanke hukunci yaron ya shiga makaranta, in ya rayu. Ihu bayan hari ke nan, kuma mai tsintar riɗi ko ihun ba za ta samu ba.

Likitoci ma ku ji naku. Ku daina rubuta wa mace "ta huta mako biyu" da rubutun da ko ku ba kwa iya karantawa. Irin wannan takarda makami kuke miƙa wa oga. Ku tambaye ta wane aiki take yi, ku rubuta abin da za ta iya da wanda ba za ta iya ba, da nauyin da kada ta wuce, da tsawon lokacin, ba tare da tona asirin ciwonta ba. Masu cewa ai mata na sayen takardar bogi, to akwai lambar waya a kan takardar asibiti, a kira a tambaya. Ba a taɓa hana maza hutun rashin lafiya don wani ya yi ƙaryar zazzaɓi ba.

Shugabannin ƙungiyoyin ƙwadago na NLC da TUC kuma, da kuke cika filin taro duk ranar ɗaya ga Mayu da riguna iri ɗaya, yaushe rabon da ku rufe ƙofar wani kamfani saboda ya kori mai ciki? Kun iya rufe ƙasa a kan kuɗin fetur. An shekara da shekaru ana cewa ana sabunta dokokin ƙwadago, ana taro a otal, ana cin abinci, ana watsewa. Abin da ake buƙata a rubuta bai cika shafi ɗaya ba: mai ciki da ta kawo takardar likita a sassauta mata aiki ba tare da taɓa albashinta ba, ranar awo ranar aiki ce, dokar ta hau kan kowace ma'aikaciya har da ta kwangila da ta haya, wanda ya sallame ta shi zai kawo hujja, tarar kuma ta zama wadda za ta sa mutum ya kasa barci. Majalisun jihohi ma ba su da uzurin jiran Abuja a kan abin da ke hannunsu. Jihar da ke ba makarantar kuɗi da asibitin kuɗi lasisi tana iya sa wannan cikin sharuɗɗan lasisin gobe da safe.

Kafin su farka, ga abin da nake gaya wa duk wadda ta tambaye ni. Kada ki miƙa asalin takardar likita ba ki ɗauki hotonta ba. Ki rubuta buƙatarki a takarda ko a saƙon waya, da kwanan wata, ki faɗi aikin da kike iyawa, ba wanda kika kasa kaɗai ba. In aka ce ki je ki huta, ki tambaya cikin ladabi, "Ranka ya daɗe, hutun da albashi ne ko babu, kuma yaushe zan dawo?" Ki nemi a rubuta miki amsar. Ki adana shaidar shigar albashinki na watannin baya, domin ita za ta nuna kin yi aiki a wurin in an ce ba a san ki ba. Kuma ko za a yi miki rantsuwa da abin da ya fi ƙarfinki, kada ki sa hannu a takardar ajiye aiki don an ce miki tsari ne kawai, in kin yi arba'in za a mayar da ke. Ranar da aka je gaban alƙali, wannan takardar za su fito da ita su ce ke kika tafi da ƙafarki.